Daga Tirmini zuwa Termit: Ko ɗan lise zai iya cin abinci da aikin kula da namun daji?

Duk yaron da ya taɓa sa rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ya yi yawo da hoton wata dabba a ƙirjinsa, ko ya kula ko bai kula ba. Ita ce mena, doguwar barewar nan mai siririn wuya, wadda cikinta da ƙafafunta farare ne, wuyanta da gadon bayanta kuma ja. Sunanta ƙungiyar ta ci. A farkon shekarar 2012 'yan Mena suka buga gasar cin kofin Afirka karo na farko, kuma a watan Maris na wannan shekarar gwamnati ta kafa gandun dajin Termit da Tin Toumma, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage a duniya inda menar gaske take kiwo a sake. Menar filin ƙwallo kowa ya san labarinta, har da sunayen 'yan wasa. Ta daji kuwa, ka shiga ajin tarminal ka tambayi wanda ya san inda take, da wuya ka ga hannu biyar a sama.

Menar da ta rage a daji a duniya baki ɗaya ba ta wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba, mafi yawanta a Nijar da Chadi. Dole wani ya ƙirga ta, wani ya yi gadinta, wani ya duba lafiyarta. Aiki ne da ake biyan albashi a kansa, kuma akwai karatun da ake yi kafin a kai gare shi. Abin tambaya shi ne ko yaron da ya tashi a Tirmini ko Takeita ko Mirya, ya ci brebe, ya shiga lise, zai iya sa wannan aiki cikin lissafinsa kamar yadda yake sa aikin likita, soja, duwan ko matatar mai ta SORAZ. Hanyar tana nan, sai dai siririya ce, kuma akwai ƙaya a kanta.

Garin da aka yi yaƙi

Tirmini tana yamma da Zinder, a kan babbar hanyar da ta nufi Maraɗi da Yamai, cikin gundumar Takeita. Littattafan tarihi sun san ta da abu guda. A ƙarshen watan Yulin 1899 a nan ne dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, aka gwabza, bindigogin Turawa suka rinjaya, daga nan suka shiga Zinder. Sunan wannan sarki ne babbar lise ta Zinder take ɗauke da shi har yau.

Ƙasar Tirmini yanzu gona ce, gero da dawa da wake da gyaɗa, sai garken awaki da tumaki. Yaron da ya tashi a nan ya san zomo, bushiya, kurege, damo da guza. Zaki da giwa kuwa sai a tatsuniya da kirari, kura ma sai in masu wasa da ita sun biyo ranar kasuwa, an ɗaure mata baki da takunkumi. Shi kansa laƙabin sarkin daga kura aka aro shi, abin da ke nuna yadda dabbar take a bakin mutanen wancan zamani.

Amma akwai abin da ɗan karkara yake da shi wanda ba a koyarwa a aji. Tun yana shekara bakwai ake tura shi kiwo. Ya san akuyar da ba ta da lafiya daga yadda ta tsaya ta sunkuyar da kai, ya san bambancin kashin tunkiyar da ta ci abin da bai dace ba da na lafiyayya, ya san sawun dabba a rairayi da kwanan da sawun ya yi. Ɗalibai da yawa suna jin kunyar wannan sani idan sun shigo birni, suna ɓoye shi kamar abin aibi. Alhali shi ne rabin aikin mai kula da namun daji a ko'ina cikin duniya, domin dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, kuma naman daji ya fi na gida iya ɓoye rauni, tunda a dawa wanda ya nuna gazawa shi ake ci.

Jiminar da ta gina kasuwa

In ana neman wurin da ya fi kama da gidan zoo a jihar Damagaram, to Kelle za a nufa, cikin gundumar Gure, kusa da duwatsun Kutus. Labarin wurin ba ya fahimtuwa sai an koma baya.

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, Zinder babban zango ce ta ayarin da ke kai da kawowa tsakanin Kano, Agadas da Tarabulus. Gashin jimina na cikin kayan da suka fi daraja da raƙuma ke ɗauka zuwa arewa. Daga Tarabulus ya tsallaka teku zuwa London da Paris, inda matan masu hali ke ƙawata huluna da shi. A gida ma yana da matsayinsa, don figini da takalmin gashin jimina kayan sarauta ne, kuma tarihin Kano yana danganta su da zamanin Muhammadu Rumfa. Sunan gashin yankinmu ya kai har Afirka ta Kudu, wadda a lokacin ita ce uwa a kiwon jimina. A 1911 gwamnatinta ta turo tawaga ƙarƙashin wani mai suna Russell Thornton, ta sauka a Kano tana neman irin jiminar da ake samu wajajen Zinder, don a haɗa ta da tasu. Faransawa suka hana fitar da tsuntsun daga yankin da suke mulki, amma duk da haka tawagar ta koma Cape Town a 1912 da jiminu fiye da ɗari. Shekara biyu bayan haka kasuwar gashin ta rushe.

Tsuntsun da Turawa suka ƙetare nahiya don nemansa, a farkon shekarun 2000 aka daina ganinsa a dajin Nijar. Farauta da mota, kwasar ƙwai da fari suka taru suka gama da shi. Sai waɗanda suka rage a hannun mutane cikin shinge. Daga cikinsu aka tara iri a Kelle, inda ƙungiyar Sahara Conservation da ma'aikatar muhalli da wata ƙungiya ta mazauna yankin suke kiwonsu da niyyar mayar da su daji wata rana. Akwai makamantan wannan wuri a Iferwan da Maine Soroa. Ita wannan jimina mai jan wuya ita ce mafi girma a dangin jiminu, wato ita ce tsuntsu mafi girma a duniya.

Ɗalibin da ke son sanin yadda aikin yake, ya dubi ƙwan jimina guda. Nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, kwatankwacin ƙwan kaza ashirin da 'yan kai. Kwana 42 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. A daji mace ce ke kwanci da rana, namiji ya karɓe ta da dare. In kuwa a na'urar ƙyanƙyasa aka sa shi, kamar mai aiki da hasken rana da aka kai Kelle, to sai an riƙe zafinta wajen digiri 36, an kula da laimar iska, ana juya ƙwan, ana auna nauyinsa lokaci-lokaci don a ga ko ruwan cikinsa yana raguwa yadda ya kamata, ana haska shi da fitila a ɗaki mai duhu a ga ko akwai rai a ciki. Kuma duk a rubuce. Bayan ƙyanƙyasa wahalar ke farawa. Ɗan jimina ba ya ƙyale komai, ƙusa, leda, waya, tsinke, duk haɗiyewa yake, kuma watannin farko su ne aka fi asara. In abincinsa ya gaza sinadarin ƙashi, ko ya yi saurin girma fiye da ƙima, ƙafafu su karkace, shi ke nan. Babban namiji kuma lokacin barbara ba abokin wasa ba ne, shurinsa gaba yake yi, kuma yana iya farke cikin mutum.

Duk wanda ya karanta wannan ya ji ransa ya ƙara biyawa, to ya ci gaba da karatu. Wanda ya ji ya gundura, ya gode Allah da ya gane da wuri.

Abin da mai ziyara ba ya gani

Gidan namun daji da aka fi sani a Nijar shi ne na cikin gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959. A nan ne yaran lakwal ke fara ganin zaki, dorina, kada da kura ido da ido, kusa da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe miliyoyin shekaru, da guntun itacen nan na Tenere da mota ta kaɓe a 1973. Sai dai daga Zinder zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 900. Kano kuwa ba ta kai 250 ba, shi ya sa Damagarawa da dama gidan zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, shi suka fara sani, galibi a yawon sallah.

Mai ziyara yana zuwa da hantsi, ya tarar an share, an zuba ruwa, ya ɗauki hoto ya tafi. Ma'aikacin kuwa tun asuba yake wurin. Abu na farko shi ne zagaye, ya ƙirga dabbobinsa, ya duba wadda ba ta taɓa abincin jiya ba, wadda ke ɗingishi, wadda ta ware kanta. Sannan kwasar kashi, wanke kwano da kwalbati, yankan nama, ɗauko harawa da dusa, auna rabon kowa. Sabuwar dabba ba a haɗa ta da sauran sai ta yi kwanaki a keɓe. Akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, irin su haukan kare, tarin fuka da murar tsuntsaye, don haka safar hannu da rigakafi ba ado ba ne. Kuma akwai dokar ƙofa, wadda ita ce gaba da komai: ba a buɗe ta biyu sai an tabbatar ta farko a kulle take. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan zoo na Kano, aka kwana ana nemansa, unguwannin kewaye suka shiga zullumi, daga baya aka same shi a cikin gidan ya yi wa awaki ta'adi.

A wannan shekarar ce kuma aka yi ta dariyar labarin goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga, kafin hukumomi su fito su ce babu goggon biri a gidan ma. Abin dariya ne, amma yana da illa, domin irin waɗannan labarai su ne kawai ke fitowa daga gidajen zoo ɗinmu, sai iyaye su ɗauka aikin na wanda ya rasa abin yi ne. Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, gidajen zoo da yawa a yankinmu an gina su ne don kallo kawai, keji ƙanana, daɓen siminti, kuɗin abinci na zuwa a makare. Ɗalibin da ya shiga aikin da tausayin dabba zai sha takaici. Shi ne kuma irin mutumin da wuraren suke bukata.

Ga dalilin da ya sa gidan zoo ba wurin kallo kaɗai ba ne. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni kamar takobi, da can tana yawo garke-garke daga Nijar zuwa Chadi. A shekarar 2000 aka ayyana cewa ta ƙare a daji a duniya. Abin da ya cece ta shi ne waɗanda aka ajiye a gidajen zoo na Turai da Amurka da kuma garkunan Abu Dhabi. Daga 2016 aka fara ɗauko su a jirgin sama ana sakinsu a gandun Ouadi Rimé da Ouadi Achim na Chadi, suka hayayyafa, har a watan Disamban 2023 hukumar IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Masu share keji da masu rubuta wace ta haifi wace, shekara da shekaru, su suka yi wannan aiki.

Termit, tsakanin barewa da rijiyar mai

Gandun Termit da Tin Toumma, lokacin da aka kafa shi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 97, ya ratsa jihohin Zinder, Diffa da Agadas, yana cikin mafiya girma a Afirka. Ban da mena, akwai barewa, ragon dutse, yanyawa, tuje, babban kunkurun sahara da ungulaye. Amma dabbar da ta sa duniya ta san wurin ita ce adaks, 'yar uwar mariri mai murɗaɗɗen ƙaho da faffaɗan kofato, wadda take iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, laimar ciyawa ta ishe ta. A nan ne garkenta na ƙarshe a daji yake.

Wajen 2010 masana sun ƙiyasta akwai kimanin 200. A watan Maris na 2016 aka yi ƙidaya ta sama da ta ƙasa, aka ga uku. IUCN ta ɗora alhakin a kan hayaniyar aikin haƙar mai na yankin Agadem, da farautar da ta biyo bayansa, da kuma makamai da motocin da suka cika sahara bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. A 2018 gwamnati ta damƙa wa ƙungiyar Noé ta Faransa tafiyar da gandun. A 2019 aka zare wani babban yanki na gabashinsa da ya haɗu da filayen mai, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, sannan a 2021 aka sake shata iyakokin.

Wannan magana ta shafi ɗan Damagaram kai tsaye. Man da ake haƙowa a Agadem shi ake tacewa a SORAZ, arewa da Zinder, tun 2011, kuma nan ne samari da yawa ke burin samun aiki. Babu mai hankalin da zai ce a rufe rijiyoyin saboda barewa, a ƙasar da talauci ya yi wa katutu. Amma wanda zai zauna a teburi ɗaya da injiniyoyin mai, ya buɗe taswira ya nuna musu inda hanya za ta bi da inda ba za ta bi ba, da hujjar ƙidaya a hannunsa, ya fi kyau ya zama ɗan ƙasa da ya san wurin. Muddin ba mu horar da irinsa ba, baƙi ne za su ci gaba da yi mana wannan magana, kuma baƙo ranar tafiyarsa tana zuwa.

Aikin cikin gandun iri-iri ne. Akwai jami'an ruwa da gandun daji masu kaki da bindiga, waɗanda ke sintiri. Akwai makiyayan yankin, Tubawa da Larabawa da Buzaye, da ake ɗauka su zama idon gandun, tunda sun fi kowa sanin rijiyoyi da hanyoyi. Akwai masu ɗaura kyamarori a jikin duwatsu, waɗanda ke ɗaukar hoto da kansu in dabba ta gifta, da masu zama gaban kwamfuta su tace dubban hotunan, su zuba bayanan GPS a taswira. Akwai direbobi da makanikai da masu lissafin kuɗi. Wanda ya iya Tubanci ko Barbarci a kan Hausa da Faransanci ya fi mai digiri biyu amfani a Tasker.

Raƙuman dawa, da ranar baƙin ciki

Misalin da ke nuna aikin yana haifar da ɗa mai ido shi ne na raƙuman dawa na Kouré, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kacal a Afirka ta Yamma duka. Da aka tsaya a kansu, manoma da masu ja-gora da jami'an gandun daji, sai da suka haura 600 kafin 2018. A watan Nuwamban wannan shekarar aka kwashi takwas a mota, tafiyar kusan kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji da ke gundumar Bermo a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga irinsu ba. Bugun raƙumin dawa da allurar barci na cikin ayyuka mafiya haɗari a likitancin dabbobi, don in ya daɗe a kwance yana iya mutuwa, sai a gaggauta ba shi makarin allurar, a rufe masa ido, a ja shi da igiyoyi zuwa mota. An gayyato ƙwararrun likitoci daga ƙetare suka yi aikin tare da ma'aikatan Nijar. Gurbin da ke jiran ɗalibanmu ke nan.

Sai dai ba za a ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kouré, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban masu ja-gorar wurin. Yawon buɗe ido ya tsaya cak, iyalai da dama suka rasa abin dogaro. Gandun W da ke kan iyakar Benin da Burkina Faso shi ma matsalar tsaro ta mamaye shi. Uwar da ta ce ba ta yarda ɗanta ya shiga daji da kaki ba, tana da hujjarta, kuma bai kamata a raina ta ba.

Wace makaranta?

Matakin farko tun a lise ake taka shi. Ɗalibi ya nemi ɓangaren kimiyya, seri D ko C, ya riƙe darasin halittu da lissafi da kyau, kada kuma ya yi wasa da Ingilishi, domin yawancin littattafai da tallafin karatu na wannan fanni da shi suke zuwa.

Makarantar IPDR ta Kollo, kusa da Yamai, ita ce ta daɗe tana horar da matsakaitan ma'aikatan karkara a fannonin noma, kiwo, da ruwa da gandun daji. Bayan bak, akwai tsangayar aikin gona ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da jami'ar Diffa wadda ta ba muhalli muhimmanci. A gida kuma, jami'ar André Salifou ta Zinder tana koyar da kimiyya da labarin ƙasa, kuma wanda ya ƙware a zanen taswira da kwamfuta yana da wurin zama a wannan aiki. Shiga rundunar ruwa da gandun daji kuwa ta konkur ne, kuma runduna ce mai horo irin na soja, da muƙamai da canjin wurin aiki, don haka mutum ya shirya a tura shi inda ba ya zato.

Mai son zama cikakken likitan dabbobi, hanyar da 'yan Nijar suka saba bi ita ce makarantar EISMV ta Dakar, wadda aka kafa a 1968, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka mallake ta. Karatu ne na kusan shekara shida, kuma ba shi da arha in babu bursi. Wanda ya iya Ingilishi yana iya duba jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ƙwarewa a kan namun daji zalla kuma, ƙasashe masu amfani da Faransanci makarantar Garwa ta Kamaru suke tura ma'aikatansu tun 1970, galibi waɗanda suka riga suka fara aiki. Najeriya tana da tata kwalejin a New Bussa, kusa da tafkin Kainji.

Maganar albashi

A nan ne ya kamata yayyen da ke Legas, Tamanrasset, Abidjan ko Brussels, masu turo kuɗin karatun ƙanne, su saurara da kyau. Guraben aikin namun daji a Nijar kaɗan ne. Na gwamnati sai an buɗe konkur. Na ƙungiyoyi kuma da kuɗin masu ba da tallafi suke tafiya, kwangilar shekara biyu ko uku, kuma kowa ya ga yadda wasu ƙasashe suka dakatar da tallafinsu bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wanda ya ce wa ƙanensa ya karanci kula da zaki kawai, bai yi masa adalci ba.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a yi karatun da ke da ƙafa biyu. Likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo a ƙasar da ke da miliyoyin shanu, raƙuma, awaki da tumaki ba ya rasa abin yi: rigakafi, kiwon ragunan layya, gidajen kaji, duba nama a mahauta, shagon magani. Jihar Zinder ta san darajar wannan ilimi tun watan Fabrairun 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijar a garin Magarya. Mai irin wannan takarda yana cin abincinsa a cikin gari, ranar da aka nemi wanda zai duba jimina a Kelle ko raƙumin dawa a Gadabeji, yana cikin 'yan kaɗan da za a kira. 'Yan mata ma kada su ɗauka an rufe musu ƙofa, don ɗakin gwaje-gwaje, likitanci, ƙyanƙyasa da tattara bayanai babu wanda ke bukatar ƙarfin damtse.

Kuma kare halittu ba sai a Termit ba. Manoman Mirya, Magarya da Matamaye, da takwarorinsu na Maraɗi, sun ba duniya mamaki da barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gonakinsu, har masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin kore. Ungulu kuma, wadda dattawa ke tuna yadda take cika mahauta, tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin kanta da ƙafafunta a wurin masu magani. Inda ta ɓace, mushe ya daɗe a fili, karnuka su yawaita.

Ɗalibin da ke Tirmini yana iya farawa a wannan hutun, ba tare da ya kashe ko dala ba. Ya je ofishin muhalli ko na kiwo na gundumarsu ya nemi a bar shi ya bi ma'aikata ranar rigakafi ko ranar dashen itace ta 3 ga Agusta. In yana da waya, manhajojin iNaturalist da eBird kyauta ne, suna taimakawa wajen gane dabba da tsuntsu, kuma abin da ya saka masana na gani. In babu waya, kaye na jikka ɗaya da biro sun isa. Shamuwa tana isowa garuruwanmu gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari. Ya rubuta ranar da ya fara ganinta, sheƙa nawa ya ƙirga, a kan wane itace, 'ya'ya nawa suka tashi, da ranar da ta tafi. Baɗi ya sake, baɗin baɗaɗa ma haka, ya tafi da kayen ranar da zai nemi sitaj.